Amo, Ƙara da Hayaniya: Sunayen Abin da Kunne Ke Ji a Fagge da Sabon Gari

Malamin da ya ce wa ɗalibansa su fita da wayar hannu su naɗo abin da ke tashi tsakanin Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari zai fara cin karo da matsalar suna. Me zai ce su naɗo? Idan ya ce ƙara, janareta da hon ɗin mota za su kawo masa, domin ƙara ita ce abin da ya cika kunne har ya dame shi. Idan ya ce hayaniya, ya riga ya yanke hukunci tun yara ba su fita ba, don hayaniya gudunta ake yi. Sauti, wanda muka aro daga Larabci, ya fi zama a aji, inda ake karanta tsarin sauti da karin sauti, amma babu ƙurar titi a jikinsa. Ni dai amo na fi so. Amo shi ne abin da ganga ko ƙwarya ko tulu ke bayarwa in an taɓa shi, kuma da shi mai sayen tukunya ke gane mai tsaga: ya ƙwanƙwasa, ya tsaya ya ji. Yaron da aka aika neman amo dole ya bambance wannan da wancan.

Ji kuwa faɗi gare shi. Ana jin ƙamshi, ana jin yunwa, ana jin Hausa, kuma yaron da ba ya ji ba kurma ba ne. Sauraro ya fi shi niyya. Kasa kunne ya fi su duka, domin kasawar nan ce da mai tumatir ke yi wa kayansa kashi-kashi. Darasin ke nan: a rarraba abin da ya shigo kunne a dunƙule.

A Fagge akwai sana'o'in da amonsu ne allon tallarsu. Ɗan garuwa daga kiran “ga ruwa” ya samo sunansa. Shushaina ba ya buɗe baki, akwatinsa yake ƙwanƙwasawa yana tafe. Mai yankan farce almakashi yake kaɗawa, haka ma tela mai yawo da keke a kafaɗa, wanda Ibo na Sabon Gari ke kira obioma. Matar da ke cikin gida tana gane wanda ke wucewa ba tare da ta leƙo ba. Tun da can kalangu ne ke shaida wa unguwa cewa mahauta sun yi yanka. Har babur mai ƙafa uku da ya mamaye titunan Kano bayan an hana acaɓa a 2013 daga bakin liman sunansa ya fito: “a daidaita sahu” ake faɗa kafin kabbara, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta raɗa wa shirinta na gyaran tarbiyya wannan suna a 2004, daga nan ya bi abin hawan ya zauna.

Masana nahawun Hausa suna da sunan da ke burge ni, amsa-kama. Su ne kalmomi irin su tim, tinjim, ɗis-ɗis, ƙwas-ƙwas, kacau-kacau. Ɗan aji huɗu da ke cewa buhu ya faɗo tim daga kan kura, ko takalmin ma'aikaciyar banki na tafiya ƙwas-ƙwas, ya riga ya iya rubuta amo. Abin da ya rage a ba shi takarda ya jera su yadda suka zo masa, sannan a ba shi na'ura.

Haɗa irin waɗannan amo ya zama aikin fasaha ba sabon abu ba ne. A 1948 Pierre Schaeffer ya naɗi ƙugin jiragen ƙasa a Faransa, ya yayyanka ya jera su, aka sa a rediyo. R. Murray Schafer na Kanada ya riƙa koya wa ɗalibansa abin da ya kira wankin kunne, yana fita da su yawo ba magana sai sauraro. Kano ma tana da nata jirgin: dogo ya iso a 1911, kuma baƙin da suka biyo shi ne aka yanka wa Sabon Gari wajen 1913, kusa da Fagge inda ayarin raƙuma ya saba sauka.

To, me za a kira abin da yaran suka haɗa? Ba kiɗa ba ne, tunda babu makaɗi. Ba waƙa ba ce, babu baiti babu amshi. Ina ganin saƙar amo ta dace, domin zare ɗaya ake ɗauka, misali tafiyar keken ɗinki, a riƙa gitta masa kiran kwandasta da cinikin atamfa.

Inda na fi damuwa shi ne kalmar hayaniya. Ranar Juma'a lasifikar masallatan Fagge ce ke cika iska. Ranar Lahadi ganguna da waƙoƙin majami'un Sabon Gari ne. Sau da yawa kowa abin maƙwabcinsa yake kira hayaniya, nasa kuwa ibada. Shi ya sa zan so malami ya kafa sharaɗi ɗaya: duk amon da ɗalibi zai naɗa, ya yi sallama, ya nemi izini, ya tambayi mai shi yadda suke kiransa a bakinsu, ko da Ibo ne ko Yarabanci ko Buzanci, ya rubuta sunan a gefen na Hausa kafin ya danna wayar.