Kakuma da makarantar da aka jinkirta ginawa

Ba don ta daɗe aka kafa Kakuma ba. A shekarar 1992 ne gwamnatin Kenya da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira suka kakkafa tantuna a wannan fako na ƙasar Turkana, arewa maso yammacin Kenya, don a sauke wasu yara maza da tafiyar ƙasa ta galabaita. Yaƙin basasar Sudan na biyu, wanda ya ɓarke a 1983, shi ya raba su da iyayensu suka tsallaka Habasha. Da gwamnatin Mengistu ta Habasha ta faɗi a 1991 aka sake koro su, kogin Gilo ya ci wasu, kimanin 10,000 suka iso Kakuma. Tsammanin kowa shi ne a ɗan ba su hatsi da ruwan sha, yaƙi ya lafa, kowa ya kama gabansa. Yau an haura shekara 30. Mutanen Kakuma da na matsugunin Kalobeyei da aka buɗe a gefenta a 2016 sun wuce 200,000, har da 'yan Somaliya da Kwango da Burundi, ga kasuwanni, ga shagunan cajin waya. Wanda aka haifa a shekarar farko yanzu shi ke raka nasa ɗan makaranta.

Makarantar sakandare ce ta fi ɗanɗana kuɗar wannan lissafi na zaman wucin gadi. Firamare ba ta da tsada: gindin bishiya, allo, da wani babban yaro da ya iya baƙi, sauran suna zana haruffa a ƙasa da tsinke. Haka aka fara. Sakandare kuwa tana son ɗakin gwaje-gwaje, da malamin lissafi da ya san aikinsa, da tabbacin cewa kuɗin da aka fara aji ɗaya da su za su kai ɗalibi aji huɗu ya zana jarrabawar kammala sakandare ta KCSE, tunda manhajar Kenya ake bi a sansanin. Masu ba da agaji kuma shekara-shekara suke kasafi. Sai ya zama dubban yara suna gama firamare su tarar da ƙofa a tsuke, har aka koma raba makaranta ɗaya gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma. Ba Kakuma kaɗai ba ce. Rahoton hukumar 'yan gudun hijira na 2016 ya nuna rabin yaran 'yan gudun hijira a duniya ke zuwa firamare, kashi 22 cikin ɗari ke sakandare, kashi 1 tak ke kaiwa jami'a. 'Yan mata sun fi shan wahala tun asali: lokacin da Amurka ta kwashi samarin nan fiye da 3,000 a wajajen 2001, 'yan matan da aka haɗa da su ba su kai 100 ba.

Abin da ya fitar da sunan Kakuma duniya kuwa wasanni ne. Lopez Lomong ya shekara goma a sansanin. A 2000 ya biya sulalla biyar na Kenya ya kalli Michael Johnson yana gudu a wata ƙaramar talabijin, bayan shekara takwas shi ya riƙe wa Amurka tuta a gasar Olamfik ta Beijing. A Rio a 2016, biyar daga cikin 'yan wasa goma na tawagar 'yan gudun hijira ta farko 'yan Sudan ta Kudu ne daga Kakuma, waɗanda 'yar tseren Kenya Tegla Loroupe ta horar a Ngong, kuma Rose Lokonyen ce ta riƙe tuta. Awer Mabil, haifaffen sansanin a 1995, da ƙwallon tsumma ya fara, ba takalmi, sai ga shi yana cikin waɗanda suka ci bugun fenaritin da ya fitar da Peru ya kai Ostareliya gasar cin kofin duniya ta 2022. Ba a raina wannan. Filin ƙwallo na ɗaya daga cikin wuraren da ɗan ƙabilar Dinka da ɗan ƙabilar Nuwer ke sa riga iri ɗaya, kuma yaron da aka ba kyaftin ko usur ya fara koyon raba gardama ba da sanda ba. Amma a ƙirga: mutum biyar cikin dubun dubata. Tallafin karatun DAFI da Jamus ta kafa a 1992, da shirin WUSC mai kai ɗalibai jami'o'in Kanada, ba sa tambayar saurin ƙafa, takardar sakandare suke nema. Shi kansa Lomong sai da ya bi ta sakandare a jihar New York da jami'a a Arizona kafin ya kai Beijing.

Akwai masu cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, ina amfanin ɗakin gwaje-gwaje a inda ake rage wa mutane abinci? Maganarsu na da ƙarfi, don an sha rage rabon abinci a Kakuma. Sai dai an shekara 30 ana cewa bari a gama da ciki tukuna, cikin bai ƙoshi ba, ajin kuma bai isa ba. Wasu su ce ai gida za su koma. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Sudan a 2005, Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a 2011, da yawa sun koma, amma a Disambar 2013 yaƙi ya dawo, Kakuma ta sake cika. Ko da an koma ɗin, da me ake komawa? Valentino Achak Deng ya yi karatu a Kakuma, ya jagoranci matasa a can, ya tafi Amurka, ya dawo ya buɗe sakandare a garinsu Marial Bai a 2009, daga baya ya zama ministan ilimi na jihar Bahr el Ghazal ta Arewa. Shugabanci irin wannan ba a taron bita na kwana uku ake koyonsa ba.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne na aiki. Shekaru da dama ɗan gudun hijirar da ya gama sakandare a Kenya ba ya samun cikakken albashi, ɗan ihisani ake ba shi ko da shi ke koyar da aji, ga makwabtansa Turkana da su ma talauci ya yi wa katutu suna ganin an fifita baƙo. Wannan laifin doka ne da tsarin rabo, kuma can ya kamata a gyara. Dokar 'yan gudun hijira ta Kenya ta 2021 ta buɗe ƙofar aiki a rubuce, an kuma tsara Kalobeyei don baƙo da ɗan gari su haɗu a aji ɗaya da kasuwa ɗaya. Rufe aji ba zai sama wa kowa aiki ba.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. A 2013 aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, don 'yan Najeriya da rikicin Boko Haram ya koro, akasarinsu daga Borno, shi ma da sunan wucin gadi. Jaririn da aka goya aka shiga da shi a waccan shekara ya riga ya kai shekarun shiga sakandare.