Daga Ina Kiɗa Da Tamfilet Ɗin Da Muke Sakawa A Bidiyo Suka Samo Asali?

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da zai amfani duk mai haɗa bidiyo a waya.

Idan ka buɗe CapCut ko KineMaster ko InShot, za ka tarar da kiɗa kala-kala, da sautin tafi, da rubutu mai shigowa yana juyi, da tamfilet da aka riga aka tsara wanda hotonka kawai za ka zuba a ciki. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka kayan nan tsintuwa ne. Wallahi kowane ɗaya akwai mai shi, kuma sana'ar ba da hayarsu ta haura shekara 100. Wanda ya san yadda ta faro zai gane dalilin da ya sa ake kashe wa wani sautin bidiyonsa, wani kuma a ƙyale shi.

LOKACIN DA FIM BA YA MAGANA

A farkon zuwan sinima, fim hoto ne kawai, babu sauti ko kaɗan. Saboda haka gidan sinima kan ɗauki mai kaɗa fiyano ya zauna a gaban allo, yana kallo yana kaɗa abin da ya dace. Matsalar ita ce ana canza fim kusan kowane mako, kuma ba zai yiwu a ƙirƙiri sabon kiɗa ga kowane fim ba.

Sai masu buga littattafan kiɗa suka ga kasuwa. A 1913 kamfanin Sam Fox da ke birnin Cleveland na Amurka ya fitar da littafin gajerun kiɗa a rubuce, wanda wani mai suna J. S. Zamecnik ya tsara. Ba a yi su don wani fim guda ba, an yi su ne don yanayi: wannan na gudu, wannan na yaƙi, wannan na jana'iza. A 1919 Giuseppe Becce ya fara irin wannan taska a Jamus mai suna Kinothek. A 1924 kuma Erno Rapee ya fitar da wani babban kundi a Amurka wanda ya raba kiɗan zuwa yanayi 52, da jerin sunayensu a gefen shafi don makaɗi ya yi saurin buɗewa fim na tafiya.

Kun lura? Wannan rabe-raben da muke gani yau a manhaja, na farin ciki, na baƙin ciki, na ban tsoro, na soyayya, daga can aka gaje shi.

DA SAUTI YA SHIGO

A Landan akwai wani mutumin Holan mai suna Meyer de Wolfe da ya kafa kamfaninsa a 1909 yana samar wa gidajen sinima kiɗa a rubuce. A 1927, shekarar da fim mai magana ya fara karɓuwa, sai kamfanin ya fara naɗar kiɗan yana ajiyewa. Wannan shi ne ake ɗauka a matsayin mafarin taskar kiɗa da aka naɗa, kuma De Wolfe yana nan yana aiki har yanzu.

Tsarin mai sauƙi ne. Kamfani zai biya mawallafin kiɗa da makaɗa su shiga sitidiyo su naɗa. Sai ya aika wa gidajen rediyo da talabijin da masu fim faifan garmaho su saurara. Faifan ba na sayarwa ba ne a kasuwa, kuma riƙe shi ba ya ba ka izinin komai. Ranar da ka saka kiɗan a shirinka, ranar za ka biya. Kamar mai hayar rumfa da kujeru ne a gidan biki: ka yi amfani, ka biya, kayan kuma na mai su ne, gobe zai ba wa wani.

Bayan zuwan talabijin sai sana'ar ta bunƙasa, musamman a Ingila. Kamfanin KPM ya yi suna sosai a shekarun 1960 da 1970 da faifansa masu koren bango. Wani kiɗa da Johnny Pearson ya yi wa KPM a 1970, mai suna Heavy Action, ya zama taken wani shirin wasanni na BBC, sannan ya zama taken shirin Monday Night Football a Amurka. Miliyoyin mutane sun haddace shi ba tare da sun san kiɗan haya ba ne.

Su ma ƙananan sautuka haka. Akwai wani ihu da aka naɗa don fim ɗin Distant Drums a 1951, aka ajiye shi a taskar kamfanin Warner Bros. Daga baya mai haɗa sauti Ben Burtt ya tono shi, ya raɗa masa suna ihun Wilhelm, ya saka shi a Star Wars na 1977. Tun daga nan an saka ihun nan a ɗaruruwan finafinai. In kana kallon finafinan Amurka, da wuya a ce ba ka taɓa jin sa ba.

RUBUTU MAI MOTSI

Ɓangaren zane da rubutu mai motsi ya fi jinkirin zuwa hannun talaka, don aikin hannu ne mai tsada. Mutumin da aka fi ambata a nan shi ne Saul Bass, wanda ya tsara rubutun farkon fim ɗin The Man with the Golden Arm a 1955. A fim ɗin Vertigo na 1958 ya haɗa kai da John Whitney, wanda ya samar da zanen da ke juyawa ta hanyar amfani da na'ura. A lokacin, sakan kaɗan na irin wannan aiki sai an kwashe kwanaki ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya.

Abin ya canza a 1993 da wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA ya fitar da manhajar After Effects. Kamfanin Aldus ya saye shi a wannan shekarar, Adobe kuma ya haɗiye Aldus a 1994. Muhimmin abin da manhajar ta kawo shi ne aikin ya zama fayil. Gwani zai tsara motsin sau ɗaya, ya bar gurbin suna da gurbin hoto, wani ya buɗe ya canza nasa. Asalin tamfilet ke nan.

INTANET TA KARYA FARASHI

A da, kuɗin hoto ko kiɗan haya ya danganta da inda za ka saka shi, da tsawon lokaci, da yawan ƙasashe. A farkon shekarun 1990 sai aka fara sayar da hotuna da sautuka a faifan CD da sabon sharaɗi: ka biya sau ɗaya, ka yi ta amfani ba tare da an sake cajin ka a kowane aiki ba. Shi ne abin da kuke gani an rubuta "royalty free". Kalmar nan ta ruɗi mutane da yawa. Ma'anarta ba kyauta ba ce. Tana nufin babu biyan kaso a kowane amfani, amma lasisi yana nan, sharuɗɗa suna nan, mai kaya yana nan.

A shekarar 2000 Bruce Livingstone ya buɗe iStockphoto a Kanada, inda kowa zai iya ɗora hotonsa a saya da ɗan kuɗi kaɗan. Getty Images ya saye shi a 2006 kan dala miliyan 50. A 2003 Jon Oringer ya buɗe Shutterstock da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa. A 2006 aka buɗe Pond5 don gajerun bidiyo, aka kuma kafa Envato a Ostireliya, wanda daga baya ya buɗe AudioJungle na kiɗa da VideoHive na tamfilet. In ka taɓa jin talla ana kiɗa wata murya tana ta maimaita sunan AudioJungle, to wanda ya haɗa tallan samfurin gwaji ya sauke, bai biya ba. An saka muryar ne da gangan don ta tona asiri.

A gefe guda kuma akwai masu bayarwa kyauta da gaske. Ƙungiyar Creative Commons ta fitar da lasisinta na farko a 2002, don mai kaya ya faɗa a fili abin da ya yarda a yi da kayansa. Wani ya ce a yi amfani amma a rubuta sunansa. Wani ya ce a yi amfani amma ban da kasuwanci. A 2009 aka ƙara CC0, inda mai kaya ya yafe haƙƙinsa gaba ɗaya. Kevin MacLeod na Amurka ya saki dubban kiɗa a kan sharaɗin ambaton suna, shi ya sa kiɗansa ya cika bidiyoyin barkwanci a duniya. Shafukan Pixabay da Pexels su ma na kyauta ne da nasu sharuɗɗan, kuma Canva ya sanar da sayen su duka biyu a 2019.

RANAR DA AKA SAKA MAI GADI

A nan ne labarin ya iso kanmu. Duk tsawon shekarun nan, in ƙaramin mutum ya ɗauki kiɗan wani ya saka a bidiyonsa, babu mai sani. An buɗe YouTube a 2005, Google ya saye shi a 2006 kan dala biliyan 1.65, a 2007 kuma kamfanin Viacom ya maka shi a kotu yana neman dala biliyan 1 saboda kayansa da mutane ke ɗorawa. A wannan shekarar YouTube ya fara tsarin da ake kira Content ID.

Ga yadda yake aiki. Mai kiɗa zai ba YouTube asalin kiɗansa, kwamfuta ta ɗauki wani abu kamar zanen yatsa na sautin ta ajiye. Duk bidiyon da aka ɗora sai an gwada shi da wannan taska. In ya yi daidai, mai kiɗan yana da zaɓi uku: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi kuɗin talla ya dinga zuwa masa, ko ya dinga bibiyar yawan masu kallo kawai. Wannan da'awa ce, ba ta rufe tasha. Wanda ya fi haɗari shi ne mai kaya ya kai ƙorafi a hukumance a cire bidiyon, a yi maka gargaɗi. Gargaɗi uku a cikin kwana 90 na iya jawo a rufe tashar baki ɗaya. Facebook ma ya kawo nasa mai suna Rights Manager a 2016.

Da mai gadi ya zauna a ƙofa, sai kowa ya koma neman kiɗa mai takarda. An kafa Epidemic Sound a Suwidin a 2009, inda suke sayen haƙƙin kiɗa gaba ɗaya daga makaɗa, kai kuma ka biya kuɗin wata ka haɗa tasharka da asusunka don kada a kama ka. Artlist ya biyo baya a 2016. YouTube ya buɗe Audio Library na kyauta a 2013, Facebook ya buɗe Sound Collection a 2017.

SAI GA SHI A WAYA

KineMaster ya fito daga Koriya ta Kudu a 2013. ByteDance, masu TikTok, sun fitar da manhajarsu ta haɗa bidiyo a Sin a 2019, ta fita duniya da sunan CapCut a 2020. Taskar da a da sai babban gidan talabijin ke iya taɓawa, yanzu tana aljihun mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Farashi ya faɗi, amma dokar haya ba ta canza ba.

Hujja mafi kusa ita ce abin da ya faru a Fabrairun 2024. Yarjejeniyar TikTok da kamfanin Universal Music ta ƙare ba su daidaita ba, aka cire waƙoƙin kamfanin, bidiyoyin mutane da yawa suka wayi gari babu sauti. Sai a watan Mayu da suka sasanta aka dawo da su. Masu bidiyon ba su yi laifin komai ba. Kayan aro ne kawai, shi kuwa ba ya rufe katara.

A Najeriya ma an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023, kuma ta taɓo batun cire kayan da aka ɗora a intanet ba da izini ba.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na farko, lasisi yana bin wuri. Waƙar da TikTok ya biya don a yi amfani da ita a cikin TikTok, izinin ba ya bin bidiyonka zuwa YouTube ko Facebook.

Na biyu, bidiyon nishaɗi daban, talla daban. Shi ya sa TikTok ya ware wa asusun kasuwanci taskarsu ta daban. In talla kake haɗa wa mai shago, nemi kayan da aka rubuta an yarda a yi kasuwanci da su.

Na uku, in an ce a ambaci suna, rubuta shi a bayanin bidiyon yadda mai kayan ya nema. Rubuta cewa kiɗan ba naka ba ne ba ya zama izini.

Na huɗu, masu guje wa kiɗa su ma abin ya shafe su. Sautin ruwan sama, kukan tsuntsu, waƙe ba kiɗa, duk akwai wanda ya naɗa.

Na biyar, manhajar da aka fasa. Muna ganin su kullum a wayoyin da ake kawo mana gyara. Za ta cire maka tambari ta buɗe maka kayan kuɗi, amma ba za ta ba ka lasisi ba, kuma ba ka san me aka cusa a cikinta ba, ga manhajar banki a wayar.

Na shida, ajiye shaida. Ka ɗauki hoton shafin lasisin da rasit, da sunan kiɗan da ranar da ka sauke, ka zuba a folda ɗaya. Ranar da aka yi maka da'awa bisa kuskure, da su za ka ɗaukaka ƙara.

Musamman ku masu haɗa wa mutane bidiyon biki da talla a biya ku, ku kula da wannan. In aka kashe sautin bidiyon mai shago bayan ya biya kuɗin tallata shi, ba zai nemi CapCut ba, kai zai kira. Minti biyu na karanta sharaɗi kafin ka danna saukewa ya fi maka sauƙi a kan mayar da kuɗin aiki.