Na'urar ɗaukar shirye-shiryen talabijin mai diski da DVD: yadda take aiki da yadda ake kiyaye abin da aka ɗauka

A shagunan kayan lantarki na hannu, waɗanda ake kira okaziyo, akan ci karo da wata na'ura mai kama da ta kallon faifan DVD, sai dai ta fi ta nauyi, kuma a gabanta an rubuta HDD da DVD. Ita ce na'urar ɗaukar shirye-shiryen talabijin. Tana da wuraren ajiya biyu: diski na ciki, wanda masu gyara ke kira diski-dur, da faifan DVD da ake sakawa ana cirewa. Wanda ya san aikin kowannensu zai more ta shekara da shekaru. Wanda ya bar komai a diski kuwa, wata rana zai wayi gari ya tarar duk abin da ya tara ya salwanta.

Asalinta

Kamfanin Pioneer na ƙasar Japan ne ya fara fitar da na'urar ɗauka a faifan DVD a ƙarshen 1999. A farkon shekarun 2000 kamfanoni irin su Toshiba, Panasonic, Sony da Philips suka riƙa haɗa ta da diski, har ta ture na'urar kaset ta VHS daga gidajen Turai. Faransa ta rufe tsohon tsarin watsa talabijin a watan Nuwamba na 2011, kuma ranar 5 ga Afrilu 2016 ta mayar da tashoshinta na TNT kan sabon tsarin MPEG-4. Daga nan na'urori da yawa suka daina kama tasha da kansu, masu su suka rabu da su. Yawancin kamfanoni sun daina ƙera ta, shi ya sa ta hannu aka fi samu.

Yadda take aiki

Hoto da murya suna shigowa ta waya, na'ura ta matse su a tsarin MPEG-2, wanda shi ne tsarin faifan DVD, ta rubuta su a diski. Ba a neman kaset, ba a tariyar baya. Kowane shiri yana fitowa a jeri da ranarsa da lokacinsa, ka zaɓa da telekomand.

Diski yana da wasu fa'idoji da kaset ba ta da su. Kana iya fara kallon wasa daga farkonsa alhali na'ura tana ci gaba da ɗaukar ƙarshensa. Idan aka kira salla ko aka yi sallama, kana iya tsayar da shirin da ake watsawa kai tsaye, in ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Kana kuma iya yanke talla, ka raba dogon shiri gida-gida, ka sa wa kowanne suna.

Abu guda ya kamata a sani tun farko: girman hoton DVD bai wuce 720 da 576 ba. Ko dekodarka ta HD ce, abin da aka ɗauka ba zai kai hasken HD ba.

Awa nawa take ɗauka

Faifan DVD na yau da kullum yana cin jiga 4,7, wato abin da ake rubutawa 4,7 Go a jikinsa. Mai hawa biyu yana cin jiga 8,5. Yawan awannin da za su shiga ya danganta da matakin da aka zaɓa:

XP ko HQ: awa 1, hoto mafi kyau.
SP: awa 2, hoto kusan yadda aka watsa shi.
LP: awa 4, hoto ya fara dusashewa.
EP: awa 6 zuwa 8, hoto yana farfashewa idan akwai motsi.

A matakin SP, diski mai jiga 160 yana ɗaukar kusan awa 70, mai jiga 250 kuma wajen awa 110.

Irin shirin ne ke nuna matakin da ya dace. Tafsirin watan azumi ko hira da malami yana zaune, LP ta wadatar, tunda murya ce abin nema. Gasar takobin kokowar gargajiya da Télé Sahel ke watsawa kai tsaye, ko wasan Mena, suna bukatar SP, domin kaye yakan zo cikin ƙiftawar ido, kuma a LP sai a ga ƙura kawai. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci yana cin kusan awa 2, da ƙyar ya shiga faifai ɗaya a SP. Idan aka je ƙarin lokaci da bugun fanareti yakan doshi awa 3. Saboda haka a ɗauka a diski tukuna, a yanke hutu da talla, sannan a juya a faifai.

Haɗa ta da dekoda

Nan ne masu saye da yawa ke zaton an cuce su. Sukan sa wayar antan a bayan na'ura, su yi ta neman tasha, ba su samu ko ɗaya ba. Dalili shi ne abin kama tasha da ke cikinta an ƙera shi ne don tsarin ƙasar da ta fito. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun zaɓi tsarin DVB-T2 don TNT, kuma tsofaffin na'urorin Turai ba su san shi ba. Tashoshin parabol ma galibinsu ba su kama su.

Maganin shi ne a bar wa dekoda aikin kama tasha. A fito da waya daga dekoda zuwa ƙofar shiga ta na'ura, ko dai babbar fish ɗin peritel mai haƙora 21, ko wayoyin nan uku: ɗorawa ta hoto, fara da ja na murya. Daga na'ura kuma a kai wata waya zuwa talabijin. Sai a zaɓi ƙofar da aka sa wayar, wadda akan rubuta AV1, AV2 ko L1. Ƙofar HDMI da ke bayan na'ura ta fita ce kaɗai, ba a ɗauka ta nan. Kafin saye, a duba ko dekodar gida tana da wata ƙofa ban da HDMI.

Ɗauka ba ka gida

Ana saka wa na'ura rana, da lokacin farawa, da na gamawa. Amma ba ta da iko a kan dekoda. Dole a bar dekoda a kunne, a kan tashar da ake so. Idan yaro ya sauya tasha, abin da ya kalla za ka tarar. A ƙara minti 5 a farko da minti 15 a ƙarshe, tunda shirye-shirye ba kullum suke farawa kan lokaci ba. Bayan doguwar ɗaukewar wuta a duba agogon na'ura, don yakan ɓace.

Ire-iren faifai, da rufe shi

DVD-R da DVD+R sau ɗaya ake rubuta su, ba a gogewa. Su suka dace da ajiya. DVD-RW da DVD+RW ana gogewa a sake, sun dace da shirin da za a kalla a bari. Akwai DVD-RAM da Panasonic ta fi amfani da shi, amma na'urorin kallo da yawa ba su karanta shi. Alamomin da ke gaban na'ura suna nuna faifan da take karɓa.

Idan akwai zaɓin kwafi mai sauri, a yi amfani da shi, domin yana juya shirin yadda yake ba tare da rage kyansa ba.

Bayan kwafi akwai mataki na ƙarshe da ake yawan mantawa, wato rufe faifai. A na'urorin da suka zo daga Faransa an rubuta shi Finaliser. Faifan DVD-R ko DVD+R da ba a rufe ba, galibi a na'urar da ta rubuta shi kaɗai yake aiki. Ka kai shi gidan ɗan'uwanka ya ƙi buɗewa. Idan kuma na'urarka ta mutu, sai ka nemo irinta kafin ka rufe shi. Rufewa ƴan mintoci take ci, bayanta ba a ƙara komai a faifan.

Zafi, ƙura da wuta

Diski faranti ne da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, allura tana shawagi a kansa. Girgiza, zafi da yankewar wuta duk suna rage masa kwana. Littattafan waɗannan na'urori galibi suna iyakance zafin ɗaki a digiri 35 zuwa 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu garuruwanmu sukan wuce haka. Kada a ɗora dekoda a kanta, kada a kulle ta cikin kabad, kada a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki. Ƙyalle sai an kashe ta ta huce, musamman lokacin hunturu, da ƙura ke toshe fankarta tana rufe idon da ke karanta faifai.

Idan wutar NIGELEC ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka, shirin yana iya lalacewa. Idan ta ɗauke ana juyawa a faifai ko ana rufe shi, sau da yawa faifan ya tashi aiki ke nan. Regilatar yana daidaita wuta mai hawa da sauka, amma ba ya riƙe ta. Ondilar ne ke ba da ƴan mintocin da za a tsayar da aiki a kashe na'ura lafiya. Kada a ɗaga ta ko a matsar da ita tana kunne.

Wani abin lura: diskin ba a tsara shi irin na kwamfuta ba. Idan na'ura ta ƙone, ba a cire shi a jona a kwamfuta a ga shirye-shirye kai tsaye, kuma sa shi a wata na'ura yakan sa ta nemi a goge shi. Don haka diski zaure ne, faifai ne ɗaki. Duk abin da ba ka son rasawa, kada ya kwana mako a diski kaɗai.

Tsofaffin kaset na gida

Babban amfanin da ya rage wa wannan na'ura shi ne ceto kaset ɗin aure, suna da saukar karatu da aka ɗauka a VHS. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da daɗewa, na'urorin kallonsa kuma suna ƙarewa. A haɗa na'urar kaset da wayoyin nan uku, a kunna kaset, a danna ɗauka a matakin SP. Kaset ta awa 3 za ta ci awa 3, ba a gaggauta ta. A yi faifai biyu, a ajiye ɗaya a wani gida. Faifan da aka rufe kwamfuta tana buɗe shi, daga nan a zuba shirin a kile USB ko a waya. Faifan ma ba ya dawwama: a riƙe shi ta gefe, a ɓoye shi daga rana, a goge shi daga tsakiya zuwa baki.

Haƙƙin masu shiri

Ɗauka don kallon iyali daban, kwafa don sayarwa daban. Fina-finai da waƙoƙi suna da masu su, kuma a Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙinsu. Wasu faya-fayan kasuwa da wasu tashoshin biyan kuɗi suna ɗauke da alamar da ke hana kwafi. Idan na'ura ta ƙi ɗaukar su, lafiyarta ƙalau.

Kafin a biya kuɗi

A karanta takardar da ke bayanta. Ta Turai tana aiki da wuta 220 zuwa 240 irin tamu. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100, za su ƙone idan aka jona su kai tsaye, kuma tsarin hotonsu daban ne. Kada a saya babu telekomand ɗinta na asali, tunda yanka shiri da rufe faifai duk da ita ake yi. A je da faifan DVD-R sabo: a ɗauki minti 10 a diski, a juya a faifan, a rufe shi, a gwada a wata na'ura a nan shagon. Sau da yawa idon rubuta faifai ne ke fara mutuwa alhali diski yana aiki. Idan aka ji diski yana ƙas-ƙas, ko hoto yana tsayawa, a bar ta.

Wanda bukatarsa kawai ya kalli labarai ko wasa bayan ya taso daga kasuwa, dekoda mai ƙofar USB da ke ɗauka a kile ta ishe shi. Mai kaset ɗin iyali a akwati, ko mai son tara kokowa da tafsiri a faifan da zai miƙa wa wani, shi ne wannan na'ura za ta yi wa rana.