Tarihin Awon Jini: Daga Binciken Garki Zuwa Gwajin Kolestarol

Garki, wadda a yau take cikin Jihar Jigawa, ta yi suna a fagen binciken lafiya tun tana ƙarƙashin Jihar Kano, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka nazarci zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukanta daga 1969 zuwa 1976. Ma'aikata kan soki yatsan mutum, su shafa ɗigon jininsa a kan ɗan gilashi, su rina shi, sannan su ƙirga ƙwayoyin cutar ta madubin likita, aikin da ya dogara kacokan ga kaifin ido da haƙurin mai dubawa.

Kolestarol kuwa, wato maiƙon da hanta ke samarwa, wanda kuma yake cikin man shanu da ƙwai da nama, ido ba ya ƙirga shi, sai dai a sa shi ya bayyana kansa ta launi. A 1885 wani masani mai suna Liebermann ya nuna a Jamus cewa wasu ruwan asid masu ƙarfi kan mayar da shi kore, daga baya kuma aka gano cewa gwargwadon duhun koren, gwargwadon yawansa, ko da yake sinadaran na ƙona fata. A 1974, ana tsaka da aikin Garki, wani masani mai suna Allain da abokan aikinsa suka wallafa hanyar enzayim, wato sinadaran halitta masu hanzarta sauyi, wadda ɗakunan gwajin asibitoci suka runguma saboda sauƙinta. Auna kolestarol a cikin abinci ya fi na jini wuyar sha'ani, domin sai an narkar da kitsensa da sinadari mai kaifi irin na sabulu, an tace kolestarol ɗin daban, kafin na'ura ta auna shi.