SAMIHA KHALIL DA ƘURI'AR MATAN FALASƊINU

Yau tarihi na kawo muku, tarihin wata baiwar Allah da nake so kowace mace ta san sunanta.

A watan Yuni na 1967 ne sojojin Isra'ila suka mamaye Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, da Zirin Gaza, da Gabashin Ƙudus. Tun daga lokacin soja ke da iko da hanya da gona da ƙofar gari, amma mutanen Gaɓar Yamma da Gaza ba su da ƙuri'a a majalisar Isra'ila mai juya wannan soja. Bayahuden da aka gina wa gida a kan tudun da ke kallon ƙauyensu kuwa yana da ita.

A 1976 aka yi zaɓen magadan gari, karon farko ke nan da mata suka jefa ƙuri'a a irinsa. Jama'a suka zaɓi masu ƙin mamaya, irin su Bassam Shaka'a na Nablus. To me ya biyo baya? A 1980 bam ya tashi a motarsa ya raba shi da ƙafafu biyu, a 1982 kuma aka tuɓe shi.

Daga 1991 sai aka tsananta, kowa sai ya nemi takardar izini tasa kafin ya shiga Isra'ila. Shingayen soja suka yi ta ƙaruwa, har ta kai mata na haihuwa a bakin shinge saboda an hana su wucewa asibiti. Ke da kika san zafin naƙuda, ai ba sai na yi miki bayani ba.

Cikin wannan ƙunci aka yi yarjejeniyar Oslo a 1993, aka sa zaɓen shugaba ran 20 ga Janairu 1996. Mutum ɗaya tak ya fito ya kara da Yasir Arafat, kuma mace ce, Samiha Khalil, dattijuwa mai shekara 72. Ita ta kafa ƙungiyar In'ash al-Usra a garin Al-Bireh a 1965, tana rainon marayu, tana koya wa mata ɗinki da sana'a. An sha kama ta, an hana ta fita gari, a 1988 ma aka rufe ƙungiyar. Duk da haka ta tsaya, ta samu kashi 11 cikin 100 da ɗoriya. Ta rasu a 1999.

Bayan zaɓen majalisa na 2006 sai da aka haura shekara goma sha biyar ba a sake wani ba, wanda aka shirya a 2021 ma aka ɗage shi a kan batun ƙuri'ar mutanen Ƙudus. Yarinyar da aka haifa a shekarar da Samiha ta yi takara ta girma, ta yi aure, ta haihu, ba ta taɓa zaɓen shugabanta ba.

Ni dai abin da na gani, ƙuri'a da hanya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wanda aka tare wa hanya an riga an karɓe rabin muryarsa. Allah Ya kawo musu sauƙi, amin.