Igiyoyin Amana: Darasi Daga Kasuwar Maigatari



Tambayar da za mu duba a yau ita ce: me ya sa falke yake ba da shanunsa bashi, babu takarda, babu shaidar alƙali, kuma kuɗinsa su dawo? Ai a zahiri mai cin amana shi ne da ribar nan take. A 1984 wani masani ɗan Amurka, Robert Axelrod, ya nuna cewa haɗin kai yana ɗorewa muddin mutane sun san za su sake gamuwa. Masana lissafi na baya-bayan nan suka ƙara da cewa idan hulɗa ta zama hawa-hawa, abin da mutum ya shuka a hawa ɗaya yakan bi shi zuwa sauran.

Tarihin ƙasar Gumel ya riga lissafin nan. Masarautar Mangawa ce, wadda ta bi Barno, kuma tsohuwar hedkwatarta, Tumbi, tana cikin Nijar a yau. Bayan Turawan Ingila sun karɓi Gumel a 1903, yarjejeniyoyinsu da Faransa na 1904 da 1906 suka raba dangi gida biyu. To, amma igiyar mulki kaɗai iyaka ta yanke. Ta aure da ta almajiranci da ta fatauci duk suna nan, shi ya sa har yanzu kowace Alhamis dabbobin Damagaram suke cika kasuwar Maigatari.

Ku dubi yadda abin yake gudana. Baƙo yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi masauki ya kuma tsaya masa. Dillali ya ƙulla ciniki, ya karɓi la'ada. Dillalin nan kuwa wataƙila surukin fatoma ne, sahu ɗaya suke salla. In ya ci kuɗin baƙo, ya rasa kasuwa, ya ji kunya a masallaci, 'ya'yansa ma su sha wuyar samun aure.

Haka Abner Cohen ya tarar a Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969: masu gida na lamunce wa mahauta Yarabawa bashin shanu, ɗariƙar Tijjaniyya kuma tana ƙara ɗaure Hausawan da juna.

Saboda haka duk mai shirin gyara kasuwannin kan iyaka ya fara ƙirga igiyoyin nan kafin ya taɓa ko ɗaya. Wanda ya kawar da fatoma bai tanadi mai tsaya wa baƙo ba, bashi zai mutu, ciniki ya bi shi.