2.3 Ɗakin Bautar Kanyakumari da Matsayinsa a Addinin Hindu

A wannan sashe za a dubi tarihin ɗakin bautar Kanyakumari da dalilin da ya sa mabiya addinin Hindu suke girmama shi. Garin Kanyakumari yana can ƙurewar kudancin Indiya, a jihar Tamil Nadu, inda ƙasa ta tsuke ta shige cikin ruwa. A nan ne Tekun Larabawa da Tekun Bengal da Tekun Indiya suka haɗu. Sunan garin na abar bautar ne, kuma ma'anarsa budurwa.

Ziyarar ibada zuwa wannan wuri daɗaɗɗiya ce. Wani littafin Girkanci na matuƙa jiragen ruwa, wanda aka rubuta a ƙarni na 1 Miladiyya, ya ambaci wurin da sunan Komari, ya kuma bayyana cewa maza da mata kan je can su yi wanka su zauna ba aure. Wato wankan tsarki da ƙaurace wa aure sun riga daulolin da suka mallaki yankin daga baya, kamar Cola da Tirabanko.

Dangane da asalin wurin kuwa, mabiya sun yi imani cewa wani aljani mai suna Banasura ya addabi duniya, kuma budurwa kaɗai ke iya kashe shi. An sa ranar auren Kumari da Shiba, amma sai waliyyi Narada ya yi carar zakara cikin dare. Ango ya ɗauka lokacin ɗaurin aure ya wuce, ya koma garin Sucindaram. Ta haka ta zauna budurwa har ta hallaka aljanin. Saboda haka ba a ɗaukar rashin aurenta a matsayin rashi, a'a, shi ne tushen ƙarfinta.

Bugu da ƙari, wurin ya shiga tarihin Indiya na zamani. A watan Disamba na 1892 malamin nan Bibekananda ya yi halwa a kan wani dutse da ke cikin tekun, kuma a 1948 an kawo wani kaso na tokar gawar Gandi nan aka zuba a ruwa. A 1956 aka mayar da yankin ƙarƙashin jihar Madras, wadda ta koma Tamil Nadu a 1969.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa mulki ya sha canzawa a Kanyakumari, amma abin da ke kawo masu ziyara bai canza ba: su yi wanka a mahaɗar tekuna, sannan su shiga gaida budurwar.